Cokali Biyu Na Shiton Hajiya Ladidi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na tsaya gaban matan unguwarmu a Maamobi wai zan koya musu girki. Ni da ko sallama na yi sai an ce in ƙara ɗaga murya.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun abinci da lafiya. Kafin a yaye mu, dole kowace ɗaliba ta koma unguwarsu ta koyar da girki ɗaya a gaban jama'a, malama na zaune tana ba da maki. Wadda ta faɗi sai ta jira baɗi. Abin da aka ba ni shi ne soyayyen kayan lambu na gaggawa, irin wanda mace za ta dawo daga kasuwa a gajiye ta haɗa cikin minti goma sha biyar, a ci da shinkafa. Sharaɗi ɗaya ne: kada a sa komai da ya fito daga jikin dabba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara.

Na ɗauki abin kamar jarrabawar lissafi. Na sayi sabon littafi na rubuta matakai tara. Na yanka karas na auna kaurinsa da rula (Allah ne shaidata, na yi). Na tsaya a shago ina karanta ƙananan rubutun bayan kwalin magi har mai shagon ya tambaye ni ko hadda nake yi, kuma da na ga akwai jatan lande a ciki na mayar masa da kayansa. Sau goma sha ɗaya na gwada girkin a gida, waya a gefe tana ƙirga mini minti. Babana ya ci kabeji har ya fara shigowa gida yana goge baki, alamar ya biya wajen mai tsire tukuna.

Mataki na tara kuwa, da kyakkyawan rubutuna: "Shito, cokali biyu. A juya, a sauke." Shito dai shi ne baƙin yajin nan namu da ake soyawa da mai. Tun ina rarrafe akwai kwalbarsa a ɗakinmu. A wajena shi da gishiri ɗaya ne.

Ranar, bayan la'asar, aka jera bencuna a farfajiyar Islamiyya. Mata suka cika. Madam, malamarmu, ta zauna a gefe da takarda da biro. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka wata Anti ta zauna kusa da ita tana mayar mata da magana cikin yaren Twi. A layin gaba ga Mma, mahaifiyata, kusa da ƙawarta Hajiya Ladidi, wadda rabin gidajen layinmu shitonta suke ci.

Na kunna gas. Man gyaɗa ya yi zafi, na zuba albasa da tafarnuwa da citta. Ƙamshi ya tashi, sai na ji muryata ta fara dawowa. Na ce karas da koren wake su ne farko don sun fi tauri, kabeji da tattasai a ƙarshe, wuta da ƙarfi, kada a rufe kasko, kada a daina juyawa.

"To ina naman?" in ji wata daga baya.

"Babu, Anti."

"Ei! Ashe zomaye aka tara."

Aka yi dariya, ni ma na yi, har na ba ta amsa kan hawan jini da tsadar nama. Na ga ana gyaɗa kai. Nan fa girman kai ya shige ni, abin da ban taɓa sanin ina da shi ba. Na buɗe kwalbar shito, na zuba cokali biyu, na juya, na sauke. Minti goma sha huɗu. Na hangi biron Madam ya tsaya cak (na ɗauka burge ta na yi). Sai na ɗaga kaskon sama, na faɗi abin da ba ya cikin littafina:

"Iyayena, kun gani da idonku. Babu abin da ya taɓa numfashi a cikin kaskon nan!"

Hajiya Ladidi ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ɗiyata, wannan kwalba ba tawa ba ce?"

"Taki ce, Hajiya."

"To kada ki kashe mini sana'a a gaban mutane! Shitona ne babu kifi? Ni Ladidi?" Ta juya ga jama'a tana buga ƙirji. "Jama'a ku shaida, busasshen kifi cikin gwangwani uku nake dakawa a kowace tukunya, ban da jatan lande. Wanda babu kifi sai ku je wajen masu ha'inci!"

Farfajiyar ta kece da dariya. Wata har ta zame daga benci. Mma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kasko a sama kamar mai talla. Abin da ya fi ciwo, sai da na sake jin labarin gaba ɗaya cikin Twi, domin Anti mai fassara ba ta bar ko kalma ɗaya ba, har bugun ƙirjin sai da ta yi.

Na dubi ƙofa. Tsakanina da ita taku goma ne, da kuma shekara guda ta karatu.

Madam ta duba agogo ta ce mini cikin Twi, "Akwai sauran lokacinki. Akwai sauran kayan miya?"

Akwai. Na sayi ninki biyu na komai don tsoron kada wani abu ya zube. Na ajiye kaskon, na ce da murya ƙasa-ƙasa, "Hajiya, ki yafe ni. Shekara ashirin da biyu ina cin shitonki ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba."

"Ai daɗi ne ya hana ki," in ji ta. "Wanke kaskon, ina zuwa."

Ta leƙa gidan da ke kusa ta dawo da ɗanyen barkono da daddawa. "Sa wannan. Ita daddawa daga bishiya take, ko ita ma tana numfashi?" Ta tsaya a kaina tana ba da umarni kamar ita ce mai jarrabawar. Na sake daga farko, ba littafi, ba rula. Wannan karon matan ne suke faɗa mini abin da ke biye. Wadda ta ce mu zomaye ne ita ce ta yi ihu, "Kabeji a ƙarshe!"

Aka cinye duka biyun, mai kifi da marar kifi. Madam ta ɗanɗana na biyu, ta yi rubutu, ta ce na wuce, amma in zo ofis mu yi magana kan shito.

Yanzu gidaje uku a layinmu suna yin girkin nan tsakiyar mako, kuma dukansu, in faɗi gaskiya, suna zuba shito. Ni dai darasin da na ɗauka shi ne: kafin ki rantse kan abin da ke cikin tukunya, duba layin gaba tukuna, ko wadda ta daka tana zaune.