Yadda Za Ka Ɗora Wa Farfela Laifin Tumbinka

Kai da ka ba arba'in baya, wanda jirgin ruwa mai inji ke ja da igiya a kogin Murray kana kwankwaɗar ruwa maimakon ka miƙe a kan allon zamiya, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za a mayar da kai kujerar mai lura ba, waccan ta cikin jirgin mai kallon baya, inda doka ta ce dole wani ya zauna ya sa ido kan wanda ake ja. A danginmu duk wanda ya kasa tashi a hutun Kirsimeti can ake ajiye shi, a ɗora masa malafa. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ba.

1. Fito da fushi

Igiya na kuɓuce maka, kada ka yi tari. Haɗiye ruwan, ka ɗaga kai ka yi wa direba tsawa: "Me ke damun jirgin nan ne yau?" Wanda ya riga kowa fushi shi ke da gaskiya.

2. Leƙa ƙarƙashin jirgi

An jawo shi gaɓa, ka tsuguna, ka shafa tsohuwar farfelar da ke tura shi, mai kunne uku, ka girgiza kai kamar likita. Nemo ɗan tabon da kututture ya yi mata. A Murray babu farfelar da ba ta da shi, Allah ya saka wa kututtura da alheri.

3. Yi wa'azi a wajen gashin nama

Lokacin da ake juya tsiran nama, hannu riƙe da gwangwani mai sanyi, ka fara. Ka ce sababbin masu kunne huɗu ne, inji ke sassaƙa su ba mutum ba, suna fizgo ƙato daga ruwa kamar karas, kuma igiyar ruwan da suke bari a baya lumui take. Duk gaskiya ne, shi ya sa ake yarda.

4. Amma kada ka cika baki

Nan Merv, mijin yayata Raelene, ya kwafsa. Shekara da shekaru yana bin matakaina lafiya lau, sai daɗin wa'azi ya kwashe shi. Ranar Kirsimeti aka miƙo masa kyauta mai nauyi a naɗe. Ya buɗe, fuskarsa ta canza.

"Ga ta nan, mai kunne huɗu," in ji Raelene. "Mu huta da surutu."

"Haba Rae, da kin bari, ai tsohuwar ba ta mutu ba."

"Jiya ka ce gawa ce."

Aka ɗaura. Wallahi farfelar ta yi aiki. Ta tayar da Raelene. Ta tayar da mahaifiyarmu, mai gwiwar ƙarfe, har tana ɗaga wa masu kamun kifi hannu. Aka zo kan Merv, ya ce a taka. Aka taka. Jirgi ya tafi, igiya ta tafi, Merv na nan inda yake kamar turke.

"Injin ne ya yi mata kaɗan!" ya ƙwala daga cikin ruwa.

"Merv, ɗana," in ji Mama, "hau ka bushe. Ga malafa."

Na yi dariya, amma har raina na ji tausayinsa.

5. Tsare tsohuwarka

In an tambaye ka ko sababbin nan sun cancanci saye, ka ce kana bincike. Sun cancanta, matsalar ke nan. Tsohuwar farfela ce kaɗai ke tsaye tsakaninka da malafa, ka riƙe ta da mutunci.

Ba ruwana

In bayanka ya riƙe, ko wandonka ya bi kogi, ko ka ga ƙunshi mai nauyi da sunanka a jiki, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Merv dai ya ce in faɗa maka daga kujerar nan kaɗai ake ganin fuskar wanda ake ja, kuma daga nan ya ga 'yarsa Tegan ta miƙe karon farko, a kan allonsa, tana ihu "Baba, duba!" Ni ban ɗauki maganarsa ba, tawa farfelar ce ta lanƙwashe. Sai dai jiya na tarar da matata a bayan jirgi, ta tsuguna tana ɗaukar hoton injin, kamar mai neman farfelar da za ta dace da shi.