Rasuwar Mai-Ido-Ɗaya, Radar Jirgin Maigida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido jajir, matar mai jirgin kamun kifi na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urar radar jirginsu, wadda aka fi sani da Mai-Ido-Ɗaya. Ta cika ranar Talata bayan azahar, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayiyar ba ta da surutu, daga "ƙit… ƙit" sai "tiiit" idan dutse ya matso. Yadda maigida ya sha faɗa, kira take aikawa irin na rediyo, ta saurari abin da zai dawo. Tudu da duwatsu su amsa da ƙarfi, su fito ɓaro-ɓaro a gilashinta. Teku in ya kwanta lumui, shiru, kiran ya zame ya wuce. In iska ta taso kuwa, kowace igiyar ruwa sai ta sa baki, gilashin ya cika da ɗigo-ɗigo. Da haka ta dawo da maigida gida cikin hazo, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Wannan bayani na ɗigo-ɗigo, sai bayan rasuwar matar ta tuna da shi.

Ran nan ana iska, jirgi na ɗaure, ta kai abinci, ta tarar maigida ya fita ya bar marigayiyar a kunne, gilashin fuskarta duk ƙuraje. Macen da ta raini 'ya'ya shida ba ta ganin ƙazanta ta wuce. Ta goge da bakin zani, suka ƙaru. Ta ɗauko bokiti da soso da sabulu. Marigayiyar ta ce "tsss", ta yi ɗan hayaƙi. Ƙurajen dai sun tafi, ko ɗaya bai saura ba.

Marigayiyar ta bar kamfas mai nuna alƙibla, da tsohuwar taswira mai tabon shayi, da maigida wanda har yau yake zagin teku, wai shi ya watso ruwa ta taga. Makanikin da ya duba gawar ya ce yana jin ƙamshin sabulu. Tun ranar ake aika masa da kwanon abinci.

Duk wanda zai karanta wa maigida wannan sanarwa, don Allah ya bari sai ya ci ya ƙoshi, kuma matar ta isa gidan yayarta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan shagon makaniki. Ba za a yi wa gawar wanka ba. An riga an yi.