Bindigar da Na Ajiye a Mota

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na nuna wa dattijo bindiga a hanyar Takieta ba.

Ni ɗan kasuwa ne, gyaɗa nake saye a ƙauyuka in kawo Zinder. A shekarar ne masu tare hanya suka kashe wani abokin sana'ata a cikin motarsa. Tun da muka dawo daga binne shi tsoro ya shige ni, ko akuya ce ta gitta sai gabana ya faɗi. Na ce wallahi sai na ajiye ƙaramar bindiga a mota. Wani ya haɗa ni da mai sayarwa a ɓoye, ya shimfiɗa mini guda uku a tabarma. Na dinga ɗagawa ina jinjinawa kamar mai zaɓen kankana (ni da ko ragon layya maƙwabci ke yanka mini). Na ɗauki mafi ƙanƙanta don ta shige akwatin gaban mota. Ban ma tambayi yadda ake harba ta ba, kada a ce ban iya ba.

Ran nan ina dawowa bayan la'asar, sai na hango rassan itace a kan kwalta, mutane a gefe suna ɗaga hannu. Kowa a ƙasar nan ya san ganye a hanya alamar hatsari ne. Ni ma na sani, amma zuciyata ta ce masu tare hanya ne. Na taka birki can nesa, na kulle ƙofofi, na zaro abar nan na turo ta ta taga ina ihun kowa ya ja baya. Mata da samari suka watse cikin gero. Na daɗe a haka, ni a dole jarumi.

Dattijo ɗaya ne bai gudu ba. Ya tako har bakin tagar, rigarsa duk jini, ya ce: "Alhaji, in harbi za ka yi ka yi, amma ka fara kai ɗana likita."

Ashe kamiyo ne, wato babbar motar kaya, ya banke amalankensu ya tsere, ɗan nasa magidanci yana kwance yana zubar da jini. Sai da aka sha wahala kafin samarin suka yarda suka fito suka ɗauko shi. Na rasa inda zan sa bindigar, dattijon ya karɓa ya jefa a aljihu, ya ce in riƙe sitiyari da hannu biyu. Kafin mu shiga Takieta rai ya yi halinsa. Har yau ban san ko lokacin da na ɓata ne ya jawo ba, kuma ban da ƙarfin halin tambaya.

Na je ta'aziyya ƙauyensu kaina a ƙasa. A gaban jama'a dattijon ya yi ta sa mini albarka, wai ni kaɗai na tsaya musu. Da zan tafi ya raka ni, ya miƙo mini bindigar a naɗe cikin tsumma, ya ce na manta kayana. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A hanyar komawa na jefa ta cikin tsohuwar rijiya. Abin da na koya shi ne, matsoraci in ya sayi bindiga yana nan matsoracinsa, sai dai yanzu bayin Allah ne ke shiga uku.