Waƙafin da ya hana ni aiki

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya gaban allo a wata makarantar kuɗi a Konni, ina neman aikin koyar da lissafi. Firamare kawai na yi a gida, sauran karatun a Sakkwato na yi shi wajen kawuna. Da na dawo ba aikin fari ba na baƙi. Baba kuwa, wanda ciwon ƙafa ya raba da tuƙi, ya riga ya shaida wa mutanen tasha cewa ɗansa zai zama mushe (haka muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, amma ranar ɗaya ma'anar ce ta fi dacewa da ni).

Direkta ya ce in yi darasin gwaji, ya zauna a bayan aji. Ni da son burga, sai na rangaɗa 524,287 a allo. Na ce wannan lamba mara ce, ba cika ba. Uku ba ta raba ta, bakwai ba ta raba ta, ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ina ta zuba, aji ya yi tsit. Na ɗauka ilimi ne ya kama su.

Can direkta ya ce, "Malam, karanta muna lambar ga."

Na karanta da ƙarfi, dubu ɗari biyar da ashirin da huɗu da sauransu.

Ya ce, "Mu nan, waƙafin ga da ka aza, birgil muka ce mishi, kuma abin da ab bayanshi guntu na. Ɗari biyar da ashirin da huɗu da ɗoriya yaran ga suka gani. Ƙaƙa guntuwar lamba za ta zama mara?"

A Najeriya da waƙafi ake ware dubbai, a nan fili ake bari. Na san haka tun ina ƙarami, na manta. Maimakon in ba da haƙuri, sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai duk duniya haka ake rubutawa."

Sai ya nuna mini tsumman allo. Na share waƙafin, na haɗa da lambobin da ke gefensa. Na tsaya riƙe da alli, wallahi na kasa tuna ko mene ne a wurin (lambar da na yi ta haddacewa). Da yaran sun yi dariya ma da ya fi mini sauƙi, amma kai kawai suka sunkuyar.

Na tarar da Baba a ƙofar gida, ya sa sabuwar hula. Ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Shiga ka ci tuwo." Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Bai sake zuwa hira tasha ba har damina ta wuce.

Yanzu lodin albasa nake rubuta wa direbobi. Abin da na koya shi ne, in za ka tsallako iyaka da ilimi, ka tsaya a canza maka shi tukuna. In kuma an kama ka, ka bar duniya ta huta, kai kaɗai ka yi kuskuren.