Yadda Ake Gyara Sitiyarin Katafila Ba Tare Da An Gane Kai Ka Ɓata Shi Ba

Kai, zauna. Ban yi makaranta ba, amma shekara arba'in na yi ina shaƙar hayaƙin inji, kuma abin da zan gaya maka ba ya cikin littafi. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Sitiyarinka zai dawo daidai, mutuncinka ko ƙwarzane ba zai yi ba. Tabbas ne. Mbah Kasidun, wani dattijon ƙauyenmu, ya gwada su a kan idona, ni kuwa ba na faɗin abin da ban gani ba.

Mataki na ɗaya: Fara ɓata shi

Ba a gyara abin da bai lalace ba.

Katafilar ƙauyenmu irin mai cokali a gaba ce, da hannun haƙa a baya. Da ita ake yashe magudanar gonakin shinkafa. Shekara goma sha tara makullinta na rataye a wuyan Mbah Kasidun, shi ke tuƙa ta, shi ke gyara ta. Ranar Litinin ya ga mai yana ɗiga daga ɗaya cikin tiyo biyun da ke shiga silindar sitiyari, can ƙarƙashi tsakanin tayoyin gaba. Ya kwance duka biyun. Bai sa musu alama ba. Alama ta ɗan koyo ce. Ya ɗaure wurin yoyon, ya mayar da su, na dama a hagu, na hagu a dama.

Kai ma yi haka.

Mataki na biyu: Gwada a gaban jama'a

A ƙofar ɗakin taron gari ake ajiye katafilar, daura da rumfar kofi. Ranar Talata da safe Mbah ya hau, ya tayar, ya murza sitiyari dama. Katafila ta yi hagu, ta kwantar da ayaba uku.

"Mbah, me ayaba ta yi maka?" in ji wani daga rumfa.

"Ku bar shi, sabuwar hanyar gona ya gano!"

Tun kafin ayaba ta uku ta kai ƙasa Mbah ya gane abin da ya aikata. Fuskarsa ba ta nuna ba. Koyi wannan. Bakanike na iya rasa sifana, ba ya rasa fuska.

Sai ga Pak Lurah, mai garinmu, ya matso yana murmushi.

"Mbah, Lahadi fa aikin gayya ne. In magudana ba ta buɗe ba, babu dashe. In jiki ne ya soma nauyi, ga Wartoyo nan, ai ɗanka ne. Sai ya riƙe makullin, ka huta."

Ka huta. Haka ake yanka mutum a garinmu, da murmushi.

Wartoyo mijin 'yar Mbah ne. Shekararsa arba'in, yana da takardar makarantar sana'a, yana gyaran manyan injuna a wurin fasa dutse. Yana tsaye a gefe, hannuwa haɗe a gaba, ido a ƙasa. Sau ɗaya ya dubi ƙarƙashin katafilar.

Mataki na uku: Binciki duk inda yake lafiya

Sauke cokali ƙasa, kashe inji. Buɗe tankin mai, leƙa. In mai ya ragu, sitiyari kan yi tauri. In ya yi kumfa, iska ta shiga. In famfo na kuka kamar kyanwa, ko ya gaji ko matacin mai ya toshe. Taka kowace taya, ka ji iskarta. Girgiza sandar da ke haɗa tayoyin gaba, ko ta yi lako-lako. Shafa bakin silinda, ka duba yatsanka.

Duk wannan ilmi ne na gaskiya, kuma ko ɗaya ba shi ne ciwonka ba. Shi ya sa za ka daɗe a kai. Mbah ya yi kwana biyu. Bayan kowane bincike yakan tsaya, ya kunna tabarsa mai kanumfari, ya ce, "Hmm." Hmm ɗaya ta tsoho ta fi takarda goma.

Mataki na huɗu: Kada ka taɓa tiyon nan

Gyaran minti goma ne. Amma da rana 'yan rumfa na kallo, da dare kuma bukkar 'yan sintiri na jingine da wurin. Duk wanda ya gan ka kana sauya tiyo biyun da ka ɗaura shekaranjiya ya gama karanta labarinka, kafin azahar kuwa an sayar da shi a kasuwa.

Mataki na biyar: Nemo mai laifin da ba ya musu

Ranar Alhamis Mbah ya goge hannu, ya dubi Pak Lurah.

"Wannan ba ciwon ƙarfe ba ne."

"To na mene ne, Mbah?"

"Watan jiya wa ya sa aka haƙa rami a gindin tsohuwar cediyar bakin rafi?"

Pak Lurah ya kau da kai. Shi ya sa.

"An yi wa mai wurin sallama kafin a haƙa?"

Ba a yi ba. Wanda ya yi ba'ar ayaba ya tuna shi ma akuyarsa ta soma tafiya a karkace.

"Sai an yi slametan, sadakar addu'a," in ji Mbah. "Tulin shinkafar tumpeng, da kaza guda, da ruwan furanni. Asabar bayan la'asar."

Da ya koma gida, matarsa Mbah Tumirah na tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Baban yara, aljanin nan yana da sifana mai lamba goma sha tara?"

"Ke dai dafa kaza."

"Zan dafa. Ni dai tausayinsa nake ji. Yana zaman zamansa a bishiya."

Matarka za ta gane. Kada ka damu. Wadda ta rufa maka asiri shekara hamsin ba za ta tona shi a kan tiyo ba.

Mataki na shida: Karɓi hidimar na ƙasa da kai

Asabar da hantsi Wartoyo ya zo da bokiti, ya rusuna.

"Baba, in ka ba da izini, in wanke ta kafin addu'a. Bai dace a yi mata addu'a da laka ba."

"Wanke. Kada ka taɓa komai."

"To, Baba."

Ya wanke sama, ya shiga ƙarƙashi ya wanke. Ya ɗan jima a can. Ba wanda ya kula, don ba a kallon mai bokiti.

Mataki na bakwai: Jira kowa ya sunkuya

Nan hikimar take. A slametan maza kan zauna a tabarma, su kewaye tumpeng, tulin shinkafar nan mai kurkum da tsinin kai. Liman na jan addu'a, kowa ya ɗaga tafi, ya sunkuyar da kai. Mata na can kicin. Rumfar kofi ba kowa, don ba a taɓa jin wanda ya ƙi kazar sadaka ba. A duk shekara wannan ne kaɗai lokacin da garinmu ba shi da ido.

Mbah ya raɗa wa liman ya tsawaita. Ya ɗauki kwanon ruwan furanni, ya ce shi kaɗai zai je wurin katafilar, wanda ya leƙa kuwa wuyansa zai juya. Ya rataya zane ya kare gaban katafilar, ya zaro sifana daga ƙugu, ya kwanta. Tiyo biyu, baƙaƙe, iri ɗaya. Na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama.

Kada ka tsaya duba wanne ke ina. Ai kai ka ɗaura su.

Mataki na takwas: Tuƙa da ƙarfin zuciya

Aka shafa, aka ci, aka fito. Mbah ya hau, ya ba ta wuta sosai, ya ɗaga wa jama'a hannu ɗaya, ya murza dama.

Ta yi hagu.

Ta keta shingen gora, ta tsoma tayoyin gaba cikin tafkin tarwaɗar Pak Lurah. Kifi ya yi sama. Mbah na zaune a kujera, ruwa ya kai masa ƙauri, fure ɗaya manne a goshinsa. Ba wanda ya yi dariya, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

Pak Lurah ya tako bakin tafki. Har yanzu da murmushinsa. Ya miƙo tafin hannu a buɗe.

Mbah ya kai hannu ga igiyar wuyansa.

Mataki na tara: Yi afuwa

Kafin igiyar ta wuce kunne, Wartoyo ya faɗa ruwa da tufafinsa. Ya kama hannun surukinsa, ya kai goshi.

"Baba, ka yafe mini. Ka ce kada in taɓa komai. Da safe wurin wanki na sauya tiyon sitiyari. Laifina ne."

Lura da kyau. Ko kalma ɗaya ta ƙarya bai faɗa ba. Gyara su ya yi a ɓoye, Mbah ya zo ya sake juya su.

Mbah ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya saki igiyar, ta koma cikin riga.

"Takarda," ya ce. "Ga abin da takarda ke jawowa."

"Haka ne, Baba."

"Shiga ka mayar da su yadda ya kamata. A gabana, don ka koya."

"To, Baba."

Pak Lurah ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sa hannunsa a aljihu. 'Yan rumfa suka yi ta yi wa Wartoyo tsiya yana nutso da sifana. "Injiniya, gaishe mana da tarwaɗa!" Da ya gama, Mbah ya kafa hannun haƙa a ƙasa, ya janyo katafilar waje da baya. Ya murza dama, ta yi dama. Ranar Lahadi ruwa ya shiga gonaki.

Da yamma Mbah Tumirah ta zuba ragowar kazar a kwano, cinya biyu da ƙirji, ta rufe.

"Ina za a kai wannan?" in ji Mbah.

"Gidan wanda ka yafe wa. Kai za ka kai da ƙafarka."

Ya kai. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya juyo. Kada ka wuce haka. In ka yi sau biyu, ya zama ban haƙuri.

Gargaɗi

Na ce sitiyari zai gyaru, ya gyaru. Na ce mutunci zai tsira, ya tsira. Ayaba, shinge, tarwaɗa da fushin mai cediya ba sa cikin alkawarina, kada a kawo mini ƙararsu. In kuma ka bi matakan nan har ka tsinci kanka a tafki, ka waiwaya ba wanda ya biyo ka cikin ruwan, to ba a wurin tiyo ka yi kuskure ba. Tun ranar da ka aurar da 'yarka ka yi shi, ni kuwa ba a gayyace ni ba.