Rasuwar Famfon Lungunmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da igiyar guga ta yi wa kanta, ni Turai, 'yar Malam Isiyaku maɗinki, a madadin matan lungunmu na Soron Ɗinki, nake sanar da rasuwar famfonmu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a wannan shekara ta 1956, bayan jinyar wata goma sha ɗaya. A tsaye ya rasu, jikin katangar gidanmu, inda ya yi shekara ashirin yana hidima.

Marigayin mai kunya ne, mai kyauta. Bai taɓa tambayar mace 'yar gidan wa ce ba kafin ya cika mata tulu. Da sassafe yakan yi gyaran murya, "ƙuh, ƙuh," sannan ya saki "shaaa," duk lungu ya san gari ya waye. Ba shi da ofis, ba shi da masinja, kuma bai taɓa ce wa kowa ya dawo gobe ba.

Ya bar Dije mai koko. Ya bar Luba mai wanki da guga, da Baba Audu mai shayi na bakin titi, da ni da nake tatar gasara ina sayarwa tun da na gama makarantar 'yan mata. Ya kuma bar 'yan garuwa, waɗanda suka ɗauki wannan rashi da dangana mai ban sha'awa, har suka ƙara wa garwa kuɗi tun kafin azahar.

Ciwon ajalinsa 'yar roba ce da ta cinye a cikin wuyansa. Muryarsa ta koma "ɗis, ɗis." Muka ɗaure shi da tsumma, muka ɗaure shi da tsohuwar robar keke. Ni kuwa na ɗauki alƙalami na rubuta wa Kwamitin Raya Unguwanni, wanda ake ce mana daga harajin iyayenmu da kuɗin ruwanmu yake samun abin yi wa gari aiki da tallafa wa masu ƙananan sana'o'i.

Takarda huɗu na aika. Amsar farko ta yaba kyan rubutun, ta tambayi wane malami ne ya rubuta mini. Ta biyu ta sanar da mu cewa tallafin sana'a na mai rumfa a kasuwa ne, abin da mace take yi a tsakar gida kuwa ba sana'a ba ne, rage zaman banza ne. Na so in san da kokon wa mai wannan amsa yake karya kumallo.

A ta uku ne Malam Sakataren kwamitin ya buɗe mana ilimi. Kuɗin kwamiti, in ji shi, na sabon aiki ne, ba a ware wa gyara ko anini ba. Na gane dalili. Sabon aiki ana tara masa jama'a, a ɗauki hoto, a kafa allo da sunayen manya. Roba ba ta da faɗin da za a rubuta sunan kowa. Wani maƙeri ya ce zai gyara mana kyauta, aka aiko masa cewa kayan hukuma ne, in ya taɓa zai sha tara.

Sai na rubuta ta huɗu, na ce to a yi mana sabo. Aka turo mai dubawa da farin wando. Ya tara tafin hannunsa, ya jira, ɗigo ɗaya ya faɗo, ya rubuta cewa famfo yana aiki. Ba a yi wa mai rai magaji, sai in ya mutu.

Wata goma sha ɗaya muna jan ruwa daga wata rijiya mai gishiri a wajen Madabo. Gasarata ta canja ɗanɗano, masu saye suka ragu, wankin Luba ya daina fita. Duk da haka ba ranar da Dije ta fasa dama koko, ba ranar da na fasa tata. Ba mu yi kuka a ƙofar kowa ba.

Ranar Talata Dije ta murɗa famfon. Ya ja iska, "fuuu," ya yi shiru, kansa ya cire ya zauna a hannunta. Shaidu uku suna wurin. Yanzu dai ya cika sharaɗin kwamiti.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Ba za a yi wa mamacin wanka ba, saboda babu ruwa. Za a ɗora kansa a faifai, a rufe da farin ƙyalle, a kai wa masu shi, 'yan kwamiti, har ƙofar ofishinsu. Mun san mata ba sa raka gawa, amma mazan lungu sun ba da izini, su ma sun gaji da koko mai gishiri.

A nan ƙofar ofis za mu shimfiɗa tabarmi. Zaman makoki kwana uku ne, sai dai mu mun koyi jira a hannun kwamiti, don haka ba mai naɗe tabarma sai an kafa magajinsa. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da ruwan shansa.