Rasuwar Shafin Ƙorafin Abokin Feshi

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Sama'ila na Ikara, a madadin 'yan sa-kai da suka rage, wato ni kaɗai, nake sanar da rasuwar Shafin Ƙorafi na manhajarmu Abokin Feshi, bayan doguwar jinya. Ya rasu yana da shekara shida.

Ga wanda bai san mamacin ba, manhajar kyauta ce, tana gaya wa manomi murfi nawa na magani zai zuba a tankin feshi. Rubutun cikinta a buɗe yake, duk wanda ya iya yana iya gyarawa. Shafin kuwa shi ne zauren da ake kawo kuka idan ta yi kuskure.

Marigayin mai haƙuri ne, bai taɓa korar kowa ba. Saƙo na shigowa sai ya ce "ƙirrr" a wayata, ko da ina tsakiyar cin tuwo. Mu tara muka rene shi saboda Allah: masu karantawa, masu gwadawa, masu gyara. Sadiƙ mai gyara ya samu aiki a Abuja, Ummuhani ta koma karatu, sauran suka zame ɗaya bayan ɗaya. Masu cewa sannu da ƙoƙari kam, wallahi ba su taɓa raguwa ba.

Ciwon ajalinsa daga hannuna ya fito. Mutanenmu ba sa faɗin damuwa sai sun gaisa, ga gajiya, ga iyali, ga damina. Da aiki ya danne ni sai na koyi mugun hali: in karanta layi uku, in ce an taɓa kawo irinsa, in rufe. Haka na yi wa saƙo na 311, na Malama Mukarrama daga Likoro. A layi na bakwai ta ce tankinta ƙarami ne, ganyen barkononta ya fara yaushi, ko ta ci gaba da awon da manhajar ta ba ta? Da ta ga an rufe, ta ɗauka ba matsala. Gonar ta ƙone ƙurmus. Ranar da na ji, na kashe ƙarar nan, ban ƙara iya buɗe shafin ba.

Ya bar manhaja marainiya, da ƙorafi ɗari biyu da sha huɗu ba amsa, da wannan kuskuren na ƙaramin tanki, wanda har yau yana nan. Ni mai karantawa ne, ban iya gyara ba, ga damina ta kawo kai.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a shagon cajin Ahmadu da ke Makarfi, inda zan kulle shafin. Kada a kawo gumba. Wanda ya iya gyara, don Allah ya zo da kwamfutarsa kafin lokacin.

Masu ta'aziyya kada su tsaya gidana, su wuce Likoro. Ni ma can na nufa. Baiwar Allahn nan ta gaishe ni layi shida, ko ɗaya ban amsa ba.